Sunan Auta a Hannun Baƙo

Daga: Maman Auta, mai ɗinki,
Shago na uku, layin teloli, bayan tashar mota.

Zuwa ga: Mai girma Babban Sifeton Makarantun Firamare,
Ofishin Sa Ido kan Makarantu.

Talata, 21 ga Oktoba, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YADDA AKA SAKA CIKAKKEN SUNAN 'YATA DA AJINTA A WASAN INTANET, DA BAƘON DA KE AIKO MATA DA SAƘO, DA BUƘATAR ƊAUKAR MATAKI KAFIN ASABAR, 25 GA WANNAN WATA

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ina roƙon ka ara mini mintuna goma daga cikin lokacinka. Ni tela ce, ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba sai yau, don haka idan an ga wani wuri ya karkace a yi mini uzuri. Ƙanwata ce ta buga mini a kwamfuta, amma maganar tawa ce, kuma na hana ta rage ko kalma ɗaya, duk da ta ce akwai wuraren da na yi zafi.

Ina da 'ya mai shekara goma a aji biyar, a makarantar firamare da ke daura da gidan mai, wadda ke ƙarƙashin kulawar ofishinka. A gida Auta muke ce mata, kuma da shi zan kira ta a nan. Cikakken sunanta yana cikin ƙaramin ambulan da na haɗa da wannan takarda, na manne bakinsa, domin sunan nan ya yi yawon da ya ishe shi. A taƙaice, akwai wani mutum da ban sani ba, wanda ya san sunan 'yata da ajinta da makarantarta da launin jakarta, kuma ya ce mata za a zo wurinta ranar Asabar mai zuwa, ranar da makarantar za ta buɗe ƙofarta ga jama'a don gasar kwamfuta. Ga yadda abin ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

1. A ranar Laraba, 17 ga Satumba, Auta ta kawo mini takarda daga makaranta in sa hannu. Takardar ta ce za a riƙa koya wa 'yan aji biyar lissafi ta hanyar wani wasa da ake yi a intanet, kuma ana so su riƙa gwadawa a gida da wayar iyayensu. Na karanta ta sau biyu. Babu inda aka ce a cikin wasan akwai wurin hira, kuma babu inda aka ce mutanen da ba 'yan makarantar ba suna shiga. Na sa hannu da farin ciki, har na ce mata ta dage, ko ta fi uwarta da ke ƙirgen awo da yatsu. Daga ranar kullum idan ta dawo nakan ba ta wayata na rabin awa, tana zaune a kan benci a gabana, ina taka keke. Na faɗi wannan ne saboda daga baya an ce mini ban sa ido ba.

2. A ranar Alhamis, 9 ga Oktoba, wajen ƙarfe huɗu na yamma, wata mai kawo ɗinki tana tsaye tana jira in auna ta, na nemi tef ɗin awona na rasa. Na ɗaga yadi, na duba ƙarƙashin keke, sai na hango Auta a bayan labulen gwaji ta cire safa tana auna tafin ƙafarta. Na yi dariya, na ce ko ita ma sana'ar za ta gada. Ta ce a'a, ƙawarta ce ta cikin wasa ta ce ta auno, za a sayo mata takalmi. Na tambaye ta wace ƙawa ce a ajinsu mai wannan kyauta haka. Ta ce ba 'yar ajinsu ba ce, ba ta ma taɓa ganinta ba. Ban san yadda na gama auna matar nan ba, kuma rigarta har yau tana nan ban yanka ba, don ban yarda da lambobin da na rubuta ba.

3. A yammacin ranar ƙanwata ta buɗe mini wurin hirar. Mai saƙon ya sa wa kansa suna Ƙawar Kowa, ya ce shi yarinya ce 'yar shekara sha ɗaya. Mun ƙirga saƙonni ɗari da arba'in da biyu a cikin kwana goma sha tara. Na farko-farkon yabo ne: kin iya, kin fi kowa, ga kyautar maki. Daga baya sai tambayoyi. Na kwafo uku daga ciki yadda suke, sauran suna cikin hotunan da na haɗa:

"Ƙawata, ta wace ƙofa kike fita, babbar ko ƙaramar?"

"Wa ke zuwa ɗaukar ki? Kullum ne ko wani lokaci ke kaɗai kike tafiya?"

"Kar ki gaya wa Mama fa. Yayana zai kawo miki takalmin ranar gasa, da kin ji an kira sunanki ki fito."

Auta ta amsa duka. Ta gaya masa jakarta shuɗiya ce, ta gaya masa babanta direban babbar mota ne, yakan yi mako uku bai dawo ba. Yarinya ce, an tambaye ta cikin lallashi ta ba da amsa, yadda muka koya mata ta riƙa amsa wa mutane. Akwai kuma saƙon murya guda ɗaya na daƙiƙa tara. An sirantar da muryar don ta yi kama da ta yara, amma a ƙarshe mai maganar ya yi tari kafin ya kashe. Na yi shekara ashirin ina zaune a bayan tashar mota, na san tarin ƙato mai shan taba idan na ji shi.

4. Washegari, Juma'a 10 ga Oktoba, na rufe shago, ni da ƙanwata muka je muka samu Malamin Kwamfuta. Ina so a rubuta cewa ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera. Tambayata ɗaya ce: a ina baƙo ya samu sunan 'yata? Ya juyo mini da kwamfutarsa ya nuna mini. Sunan da Auta ke amfani da shi a wasan, wanda duk mai shiga daga ko'ina a duniya yake gani, shi ne sunanta, da sunan mahaifinta, da "Aji 5", da sunan makarantar. Haka na sauran yara talatin da ɗaya, a jere, tamkar rajistar kiran suna.

Dalilinsa shi ne wai a zangon da ya wuce ya bar yara sun zaɓi sunayen da suke so, sai aka samu Damisa har uku da Sarkin Gudu biyu, da ya zo ba da maki ya rasa wane ne wane, iyaye suka yi masa ca. Shi ya sa a wannan karon ya ce kowa ya sa sunansa na gaskiya da ajinsa. Na fahimci wahalarsa, ni ma idan masu kawo ɗinki uku suka zo da yadi iri ɗaya nakan rikice. Amma ni a cikin littafina nake rubuta sunayensu, ba a jikin ƙofar shago ba.

Bayan haka ƙanwata ta tambaye shi me ya sa wurin hira yake a buɗe, alhali wasan da kansa yana rufe shi ga duk wanda bai kai shekara sha uku ba. Ya ce idan aka sa shekarun yara na gaskiya, sai an aika wa kowane uba ko uwa saƙon imel sun amince, kuma rabin iyayen ajin ba su da imel, aikin ba zai ƙare ba kafin gasa. Don haka ya yi wa yaran duka rajista da imel ɗinsa, ya sa musu ranar haihuwarsa. Ranka ya daɗe, a cikin wasan nan 'yar da na haifa shekararta talatin da takwas. Ta girme ni da shekara huɗu.

Na roƙe shi ya canza sunayen a take, ina zaune. Ya ce idan ya canza, makin da yaran suka tara na gasa zai goge, kuma ba shi da ikon yin haka sai da izinin Shugabar makaranta. Ya ƙara da cewa, kuma kalmominsa ne: "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, irin waɗannan mutanen a intanet kawai suke, ba sa zuwa."

5. Wannan sashe shi ne wanda nake roƙon a karanta da kyau. Dokar makarantar ita ce, duk wanda ya zo ɗaukar yaro kafin a tashi, sai ya faɗa wa mai gadi cikakken sunan yaron da ajinsa. Idan ya faɗa daidai, a kira masa yaron. An kafa dokar ne da tunanin cewa baƙo ba zai san waɗannan abubuwa biyu ba. Su ne kuma abubuwa biyun da aka rubuta a goshin kowane yaro a cikin wasan.

Ban so in yi zargi a kan zato ba, don haka na gwada. A ranar Talata, 14 ga Oktoba, da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, na roƙi maƙwabcin shagona mai walda, wanda bai taɓa taka ƙofar makarantar ba, ya je ya ce ya zo ɗaukar Auta. Ya tafi da kayan aikinsa a jikinsa, hannunsa duk baƙi. Ni kuma na tsaya a tsallaken titi, a bayan wata motar haya, ina riƙe da wayata ina duba lokaci. Ya faɗi suna, ya faɗi aji. Minti uku da ɗan wani abu sai ga Auta ta fito da jakarta a baya, tana waige-waige tana neman wanda ya kira ta. Ba a tambaye shi ko shi wane ne ba. Mai walda ya riƙo hannunta ya tsallako da ita ya same ni. Shi kansa da ya zo yana yi mini dariyar wai na cika tsoro, bai sake yin dariya ba har muka koma layi.

Ina roƙon kada a taɓa mai gadi a kan wannan. Dattijo ne mai kirki, yakan tsallakar da yara titi ko ana ruwa. Abin da aka ce ya yi shi ya yi.

6. A ranar Litinin, 13 ga wata, na riga na kai rahoto ofishin 'yan sanda. Jami'ar da ta saurare ni ta ɗauki bayanina, ta ce kada in goge komai kuma kada in amsa masa. Ta ce don su bi sawun mai saƙon suna buƙatar kalmar sirrin da aka yi rajistar yaran da ita, da jerin sauran yaran, a duba ko su ma ana yi musu saƙo. Duka biyun suna hannun makaranta.

Ranar Laraba, 15 ga wata, na je wurin Shugabar makaranta, aka ce tana taro, in dawo Juma'a. Na dawo Juma'a, 17 ga wata, na yi zaman awa biyu a kan bencin da ake ajiye yaran da suka yi laifi. Da na shiga na ba ta labari tun daga tef ɗin awo har zuwa mai walda. Abin da ya fi ɓata mata rai a duk labarin shi ne mai walda. Ta ce na turo baƙo makarantarta ba da izini ba, kuma da ta ga dama ita ce za ta kai ni ƙara. Ta ce ba za ta miƙa bayanan ɗalibai ga kowa ba sai da takarda daga ofishinka, wanda a wannan ban ga laifinta ba. Ta ce ba za a taɓa sunaye ba sai an gama gasa, domin an riga an buga takardun gayyata, an gayyaci manyan baƙi. Na roƙe ta ko da ba za ta yi komai ba, ta sanar da sauran iyaye. Ta ce ba za ta tayar da hankalin gidaje talatin da ɗaya a kan saƙon da ba a san wanda ya rubuta ba. A ƙarshe ta ce, kuma na riƙe maganar: "Iyayen yanzu ku ba yaro waya, abu ya faru ku ce makaranta."

Ranka ya daɗe, na haɗiye abin da ya zo bakina, saboda 'yata a hannunsu take. Amma a nan zan faɗa. Ni na ba ta waya, gaskiya ne, kuma ba na barci da wannan. Sai dai ba ni na rubuta sunan ubanta a inda duniya ke gani ba, ba ni na mayar da ita 'yar shekara talatin da takwas ba.

Na yi ƙoƙarin sanar da iyayen da kaina. Huɗu kawai na sani, masu kawo mini ɗinkin kayan makaranta. Biyu sun duba ba su ga komai ba, ɗaya ba ta san yadda ake buɗewa ba, ɗaya kuma ta ce mijinta ya ce kada ta shiga rigimar makaranta. Sauran ashirin da bakwai ban san ƙofar gidajensu ba.

7. Game da halin da yarinyar take ciki. Da farko fushi ta yi da ni, wai na raba ta da ƙawarta. Da ƙanwata ta kunna mata tarin nan ta ji, sai ta daina fushin. Tun daga ranar ba ta yarda ta je sayen zare a shagon da ke ƙarshen layinmu, wanda a da da gudu take zuwa. Ta cire jakarta shuɗiya ta cusa a ƙarƙashin gado, ta ce in ɗinka mata wata da ragowar yadi, kowane launi ne ban da wannan. Ta tambaye ni ko za a iya canza mata suna. Mahaifinta yana hanya, sai ƙarshen wata zai dawo. Abin da na gaya masa shi ne an samu 'yar matsala a makaranta. Ban gaya masa sauran ba, don ba na so mutum ya riƙe sitiyarin babbar mota da wannan magana a ransa.

Saboda abubuwan da na zayyana, ina roƙon Mai girma Sifeto, cikin ladabi:

(a) Ya ba da takardar da za ta sa makaranta ta miƙa wa 'yan sanda kalmar sirri da jerin yaran, a yau ko gobe.

(b) Ya ba da umarnin a cire sunayen yaran na gaskiya daga wasan, a rufe wurin hira, a gyara shekarunsu, ko da maki zai goge. Maki ana sake tarawa.

(c) A rubuta wa iyayen 'yan aji biyar duka a gaya musu gaskiyar abin da ya faru, a nuna musu inda za su duba.

(d) A canza dokar bakin ƙofa, ta yadda sanin suna da aji kaɗai ba zai isa a miƙa wa mutum yaro ba.

(e) A ɗage gasar ranar Asabar, ko kuma a hana kowa shiga sai da katin gayyata mai ɗauke da sunansa.

Ba na neman a kori kowa. Malamin Kwamfuta yana da iyali, kuma na yarda bai yi don mugunta ba, sauƙin aiki ya nema. Ina kuma roƙon a bincika sauran makarantun da za su shiga gasar, don ya gaya mini da bakinsa cewa wani abokin aikinsa ne ya koya masa dabarar ranar haihuwa.

Na san ofishinka yana da tsari, kuma magatakardanka ya shaida mini cewa takardar ƙorafi takan ɗauki kwanakin aiki goma sha huɗu kafin a amsa. Da na yi niyyar bin layi kamar kowa. Ga abin da ya hana ni.

Bayan ganawata da Shugaba na yanke shawarar Auta ba za ta koma makaranta ba sai an gyara. Jiya Litinin, 20 ga wata, ita ce rana ta farko da ta zauna a shago tare da ni. Ban gaya wa kowa ba, ko malamin ajinsu. Da ƙarfe biyu da minti goma na rana, wato minti goma bayan tashin makaranta, wayata ta yi ƙara a kan keke. Saƙo ne daga Ƙawar Kowa, na farko tun kwana goma sha ɗaya da muka daina amsawa. Ga shi yadda yake:

"Ƙawata, yau ba ki zo makaranta ba. Lafiya?"

Ranka ya daɗe, ranar Litinin 'yan aji biyar ba su da darasin kwamfuta, babu yaron da ya shiga wasan daga makaranta, don haka ba daga wasan ya gane ba. Na juya maganar ta kowace fuska, hanya biyu kawai na samu. Ko dai jiya yana tsaye a bakin ƙofar yana kallon yara suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ko kuma akwai wata yarinya a ajin da yake yi wa saƙo, ya tambaye ta ta gaya masa, kuma uwarta ba ta sani ba. Tawa tana nan a gefena yanzu, tana tsinke mini zare. Waccan ban san ko 'yar wace ce ba, kuma saura kwana huɗu a buɗe ƙofa.

Zan kawo wannan takarda da hannuna, kuma idan an ba ni izini zan zauna a bencin bakin ofishinka tare da yarinyar har a samu wanda zai karanta ta. Ba za mu dami kowa ba.

Allah ya ƙara wa Mai girma Sifeto lafiya da basira, ya tsare masa nasa 'ya'yan. Ina jiran umarninka cikin ladabi da biyayya.

Taka mai girmama ka,

(sa hannu)
Maman Auta, mai ɗinki,
Mahaifiyar ɗaliba a aji biyar.

Abubuwan da aka haɗa: ambulan mai ɗauke da sunan yarinya, kwafin takardar 17 ga Satumba, hotunan saƙonni ɗari da arba'in da uku, rubutacciyar shaidar mai walda.